Tsakanin Hannu da Taya

A duk inda aka jera tsofaffin motoci don kallo a Amurka, wajen inji jama'a suke taruwa. Mai mota ya ɗaga murfi, ko kuma dama can bai sa mata murfin ba, a kewaye ana yaba ƙyallin ƙarfe, ana tambayar ƙarfin doki nawa ke ciki. In ya tayar da ita ƙasa ta ɗauki rawa, yara su toshe kunne suna dariya. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙasa ta gefen hagu, inda wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi kwakwa girma ba yake ɗaure a jikin shasi, da sanduna biyu ko uku da suka tashi daga wajensa zuwa tayoyin gaba. Alhali kuwa in inji ya mutu a hanya, ƙarshenta a tura mota gefe a kira janwe. In ɗaya daga cikin sandunan nan ta saki ana cikin gudu, to sai dai abin da Allah ya yi.

Mu biyu ne, wa da ƙane, muka shafe shekara uku muna haɗa irin wannan mota a garejin bayan gida a jihar Ohio, daga Asabar sai Lahadi, sai kuma daren da aiki ya bar mu da sauran ƙarfi. Ɗora inji da tayar da shi wata biyu ya ci mana. Sitiyari kuwa wata bakwai ya ci. Duk wanda muka faɗa wa haka sai ya ɗauka mun juya lissafin ne, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta inda watannin nan bakwai suka tafi.

Amurkawa suna kiran irin wannan mota hotrod. Asalinta kudancin Kalifoniya ne a shekarun 1930, lokacin da samari marasa kuɗi suke sayen tsofaffin motocin Ford da araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su yi wa inji dabaru, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave irin su Muroc da El Mirage su gwada wanda ya fi gudu. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da inji mai silinda takwas a farashin da talaka zai iya taɓawa, aka shiga cusa shi cikin ƙananan motocin da suka riga shi fitowa. A 1937 ƙungiyoyin samarin suka haɗu suka kafa SCTA don auna gudu da tsara tsere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da ilimin walda da kanikanci, abin ya bazu ko'ina. Mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948, Wally Parks kuma ya kafa NHRA a 1951 don a janye tsere daga titunan gari zuwa filin da ke da doka. Har gobe tsarin shi ke nan: tsohon jikin mota, inji mai ƙarfi, da hannun mai ita.

A wannan na ƙarshen nauyin yake. Motar kamfani tana da ɗaruruwan injiniyoyi a bayanta, an fasa ire-irenta da gangan a jikin bango kafin a fara sayarwa, in kuma aka gano aibi daga baya kamfani zai aiko da takarda a mayar a gyara. Motar da ka haɗa a garejinka ba ta da mai aiko maka da takarda. Kai ne injiniya, kai ne mai walda, kai ne mai dubawa, kuma kai za ka fara zama a ciki.

Tamu Ford ce samfurin Model A ta 1930, mai ɗaukar mutum biyu. Wajen maƙwabcinmu muka same ta, wani tsoho Ba'amurke da ya haura tamanin, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki da injin yankan ƙarfe a masana'anta. Tun yana saurayi ya saye ta da niyyar mayar da ita hotrod. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, ta shafe shekara hamsin da ɗoriya a rumfa ɓeraye na sheƙa a kujerarta. Ya sallama mana ita a kuɗin da bai kai na tayoyi huɗu ba, bisa sharaɗi ɗaya: ranar da ta taka titi, shi ne fasinjan farko. Tsakaninmu Dattijo muke kiransa. Shi kuwa "samari" yake ce mana, duk da furfura ta fara cin gemun babbanmu.

Wani zai ce me ya hana a bar mata sitiyarinta na asali? Model A ta fito ne da inji mai silinda huɗu da ƙarfin doki 40, kuma daidai wannan aka yi mata akwatin sitiyari. Mu kuwa injin Chevrolet 350 muka ɗora mata, mai silinda takwas, lita 5.7, wanda ƙarfinsa ya ninka wancan fiye da sau shida. Faɗinsa ya cinye wurin da tsohuwar sandar sitiyari take bi, bututun hayaƙin gefen hagu ya zauna daram a kan hanyarta. Sannan mun sa mata aksul ɗin gaba irin wanda aka lanƙwasa don mota ta sauka ƙasa da inci 4, wannan kuma ya kawar da kowace sanda daga inda Ford ya ajiye ta. A mota in ka taɓa abu ɗaya, biyar ne suke motsawa.

Aikin bai zo mana a baƙo gaba ɗaya ba. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, ake shigo da motoci masu sitiyari a dama ana mayar da shi hagu a garejojin gari, kuma mun taso muna jin direbobi suna cewa motar da aka yi wa juyi ba a sakin jiki da ita. Da muka kwanta ƙarƙashin Model A da tef da zare, sai ga bayanin abin da direbobin nan suke ji a tafin hannunsu.

Hanya biyu ce sananniya wajen yi wa irin wannan mota sitiyari. Akwai ta gefe, irin ta asalin Model A: akwati yana kusa da ƙafar direba, doguwar sanda ta miƙe gaba a gefen shasi ta kama tayar hagu. Akwai kuma ta gicciye, wadda Ford ya koma wa tun 1935: akwati yana can gaba kusa da aksul, sandar ja ta ratsa daga hagu ta kama tayar dama, tayarod kuma ya isar da saƙon ga ta hagu. Muka zaɓi ta gicciye, da akwatin ƙaramar motar nan Chevrolet Vega, samfurin 1971 zuwa 1977. Motar ta daɗe da ɓacewa daga titi, amma akwatinta ya rayu saboda ƙanƙantarsa, har yau ana ƙera sababbi irinsa don masu hotrod.

Shasin Model A a buɗe yake ta ciki kamar indararo, yana murɗewa in aka matsa masa. Duk ƙarfin da ake juya taya da shi kuwa a kan noti uku da ke riƙe da akwatin yake sauka. Don haka muka fara da rufe indararon da farantin ƙarfe daga gaba har baya, muka yi wa akwatin mazauni mai kauri da 'yan tokara. Amma ba mu yi waldar ƙarshe ba sai bayan makonni. Ɗigon walda kawai muke yi a riƙe, icen tsintsiya ya tsaya a matsayin sanda, kwali a matsayin faranti, a auna, a kankare ɗigon, a matsa gaba da rabin inci, a sake aunawa. Dattijo yana zaune a kujerar roba da bargo a gwiwa, ga 'yar hita a gefensa, ba ya cewa komai sai an tambaye shi.

Abin da muke nema da wannan matse-matsen shi ne maganin wata cuta da ke sa mota ta tuƙa kanta. Aksul yana hawa yana sauka da gargadar hanya. Sandar ja kuwa bakinta ɗaya yana ɗaure da hannun akwati, wato da shasi, ɗayan yana tare da taya. In taya ta hau tudu, bakin sandar ba ya tashi a miƙe, baka yake zanawa kamar hannun agogo. Idan bakan nan ya saɓa da hanyar da aksul ke bi, sai sandar ta jawo tayar ko ta tura ta, mota ta karkata alhali hannun direba bai motsa ba. A tafiyar hawainiya ba za ka ji komai ba. A gudun kilomita 100, rami ɗaya ya isa ya miƙa ka hannun masu tahowa. Magani shi ne sandar ta yi tsawo iya yi, ta kuma kwanta daidai da ƙasa lokacin da mota take ɗauke da cikakken nauyinta. Muka jibga buhunan yashi a kujera a madadin mutum biyu, muka sa jarkokin ruwa a madadin fetur da ruwan lagireto, sannan muka auna.

Hanyar gicciye tana da tata rigimar. Sifirin ɗin tsohuwar Ford a gicciye yake, rataye da 'yan marataya biyu masu lilo. In sandar ja ta tura, kafin taya ta juya sai aksul ɗin gaba ɗayansa ya ɗan goce gefe. Ana hana wannan da wata sanda da ake kira Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. Bakinta ɗaya a shasi ta hagu, ɗayan a aksul ta dama, ta kwanta kafaɗa da kafaɗa da sandar ja, tsawonsu kusan ɗaya, yadda duk lilon da ɗaya ta yi ɗayar ma za ta yi. Don mu tabbatar, muka cire sifirin, muka ɗaure 'yar fitilar leza a inda taya ke zama ta haska kwali a bango, muna ɗaga aksul da jak muna saukewa. In ɗigon hasken ya hau ya sauka a miƙe, an dace. In ya karkace, akwai sauran aiki. Sau huɗu akwatin ya canza mazauni kafin hasken ya miƙe.

Daga akwati zuwa hannun direba kuma ga inji ya tare hanya, dole a kewaye shi. Muka yi amfani da sandar ƙarfe mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, mai gefe biyu a shafe don kada ta zame, da gaɓoɓi uku masu juyawa. Kowace gaɓa ba mu bari ta lanƙwashe fiye da digiri 30 ba. Da zarar gaɓoɓi sun wuce biyu sai sanda ta riƙa lilo, don haka muka kafa mata boris a tsakiya ya riƙe ta da shasi. Gaɓar da ke aiki a karkace ba ta juyawa da gudu ɗaya, takan yi sauri ta rage sau biyu a kowane zagaye. In aka jera kunnuwan ta biyu daidai da na ta farko, sai ta shafe wannan tangarɗar. In aka saɓa, sitiyari ya riƙa tauri yana saki a hannu. Ba a yi wa gaɓoɓin nan walda, don zafi yana ƙona giris ya lalata 'yan alluran da ke ciki. Ɗan rami ake yi a jikin sanda, ɗan noti mai tsini ya shiga ya zauna, a kulle shi da wani notin. Muka kuma bar tazara tsakanin sanda da bututun hayaƙi, da farantin kare zafi, domin inji yana girgiza a mazauninsa in aka taka totur.

A tsofaffin motoci sandar sitiyari guda ɗaya ce miƙaƙƙiya tun daga gaban mota har ƙirjin direba, in aka yi karo sai ta zama mashi. Kamfanin General Motors ya fara sa mai naɗewa a motocinsa na 1967, daga 1968 kuma dokar Amurka ta wajabta irin wannan kariya a sababbin motoci. Ba wanda zai tilasta wa motar 1930 bin dokar, amma muka sa wani sashe mai shigewa cikin ɗan'uwansa in an buge shi. Dalilin haka yarinya ce.

'Yar babbanmu tun tana shekara 13 take riƙe mana fitila, ta san sifana mai lamba kaza tun kafin a gama faɗa. A shekarar da muke aikin sitiyari ta cika 16 ta samu lasin. Ranar da za mu tsayar da inda sitiyari zai zauna, mun jera katako a matsayin kujera ubanta yana gwadawa, sai ta ce, "Abba, in kun auna da tsawonka kaɗai, ni ƙafata ba za ta kai birki ba." Ta juya wajen ƙaraminmu ta ce, "Baffa, ai ni ma zan tuƙa ta, ko?" Ba wanda ya amsa nan take. Muka ɗora kujerar a kan dogo mai matsawa gaba da baya, muka sake auna komai da ita a zaune. Da yake motar ba ta da famfon da ke sauƙaƙa juya sitiyari, faɗin da'irar shi ne ƙarfin direba. Dattijo ya aika aka ɗauko wani sitiyarin Ford na 1940 mai faɗin inci 17 da ke rataye a ƙusa a rumfarsa, ya ce kyauta ce ga mai riƙe fitila. Daga ranar duk notin da muka ɗaure, mun san wa muke ɗaure wa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya nemi raba kanmu. In mota tana shan kwana, tayar da ke ciki ƙaramar da'ira take bi, ta waje kuma babba, don haka dole ta ciki ta fi karkata. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya warware wannan, wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818, sunan wakilin kuma ya bi ta har yau. Gwajinta da zare ake yi. Ka ja zare daga kinfin, wato fegin da taya ke juyawa a kansa in an karya sitiyari, ya bi ta idon da tayarod ke shiga, ya wuce baya. Ka yi haka dama da hagu. In zaren biyu sun haɗu a tsakiyar aksul ɗin baya, lissafi ya fita. In ba su haɗu ba, tayoyin gaba za su riƙa jayayya da juna a kowace kwana, ɗaya tana jan ƙasa.

Idon nan yana bakin wani ɗan hannun ƙarfe ne da ke fita daga sifindil, guntun ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Sifindil ɗin da ke cikin tarkacen motar wani ya riga ya yanke musu hannuwa tun da daɗewa, don haka muka yi odar hannuwa masu ɗaurewa da noti daga wani mai sayarwa a intanet. Suka iso a watan Yuni suna ƙyalli, saura mako uku a yi babban taron motocin da ake yi a Columbus kowane Yuli, wanda muka yi shekara muna burin kai motar. Muka ɗaura, muka ja zare, ya kauce. Ana buƙatar a gasa hannuwan a ɗan lanƙwasa su. Kafin mu kunna wuta Dattijo ya ce a miƙo masa ɗaya. Ya shafa gefensa da babban yatsa, ya rataye shi da waya ya ƙwanƙwasa da sifana. Ƙarar ta mutu nan take.

"Samari, wannan zubi ne," in ji shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san bambancin. Ƙarfen ƙira dukansa aka yi da zafinsa har ya ɗauki siffa, jijiyoyinsa suna bin lanƙwasarsa, in ya sha wuya yakan tanƙware kafin ya karye. Na zubi narkar da shi aka yi aka zuba a mazubi kamar tukunyar dalma, ana iya samun kumfa a ɓoye a cikinsa, in kuma irin mai gautsi ne sai ya ɓalle ba sallama. Na ƙira yana da faffaɗan tabo a gefe inda aka datse rarar ƙarfe, na zubi kuwa siririn layi ne kamar zare. Namu siririn layi ne da su.

A daren muka yi musun da ba mu taɓa yin irinsa ba tun muna yara. Ɗayanmu yana ganin a ɗaura su haka nan ba tare da an gasa ba, a ɗora motar a tirela zuwa Columbus, a zaga da Dattijo a hankali cikin filin taro, in an dawo a canza. Hujjarsa mai ƙarfi ce: a bazarar nan Dattijo ya kwana goma a asibiti saboda zuciya, kuma ba wanda ya ba mu tabbacin wani Yulin. Ɗayan kuma yana ganin abin da aka ɗaura da sunan na kwana ɗaya shi ne yake shekara a jikin mota, kuma yarinya ta san inda makulli yake. Kowa ya kwana da nasa.

Washegari Lahadi ce, ranar da muke waya da Hajiya. Jikar ta riga ta kai mata rahoto. Da yake ba ta kiran sunan ɗan fari, ƙaramin ta nufa da maganar, amma kowa ya san da mu biyu take.

"Ka faɗa wa yayanka, ni ban san kan ƙarfe ba. Amma in dai kishiyar nan tawa za ta shiga motar, to kada a sa mata abin da zuciyar ɗayanku ba ta kwanta da shi ba. Taron mota ai ba aikin Hajji ba ne."

Da yamma muka je muka gaya wa Dattijo yadda ake ciki, ba mu ɓoye masa dalilin gaggawar ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Samari, in mutuwa ce ina da wadda likita ya yi mini alkawari, ba na buƙatar taku. Ku nemo na Ford na asali." Aka mayar da hannuwan cikin kwalinsu.

Mun je Columbus a 'yan kallo. Dubban motoci ne a jere, mu kuwa muka wuni a durƙushe muna leƙen ƙarƙashinsu, masu su suna mamakin baƙin nan biyu da ba su damu da inji ba. Wasu tsofaffi da suka gane abin da muke dubawa suka durƙusa tare da mu, kowa yana nuna yadda ya warware tasa. A watan Satumba muka je kasuwar tsofaffin kayan mota da ke ci a Springfield. Bayan awa biyar muna bin layi-layi, muka tarar da su a kan wata tamfol cikin tarin tsatsa: sifindil biyu na Ford irin na 1937 zuwa 1941, hannuwansu ba a taɓa ba, na dama da idonsa biyu, ɗaya na tayarod ɗaya na sandar ja.

Muka kankare tsatsa, muka fesa musu wani jan ruwa mai shiga tsaga, muka goge, muka bi da farar hoda. In akwai tsagar da ido ba ya gani, jan zai tsattsafo a kan farin. Ba abin da ya fito. Sannan aka kunna wutar gas. Ana gasa wurin da za a lanƙwasa har ya yi ja kamar garwashi, ba a bari ya kai ruwan ɗorawa, a sa dogon bututu a danna a hankali, ana lura kada idon ya karkace. Ba a kusantar da shi da ruwa, don sanyin farat ɗaya yana sa ƙarfe gautsi. A cikin busasshen yashi muka binne su suka kwana suna hucewa. Da safe muka sake fesa jan ruwa, muka ɗaura, muka ja zare. Zaren biyu suka haɗu a tsakiyar aksul ɗin baya. Sabon kinfin kuwa Dattijo ne ya gyara masa rami da hannunsa. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, da ya kama kayan aikinsa sai ya tsaya cak. Fegin ya shiga da turin babban yatsa, ba sako-sako ba tauri.

Sauran aikin na haƙuri ne. Muka kwantar da kan kinfin baya da digiri 7, irin kwanciyar da ke gaban keke, wadda ke sa ya miƙe ko an saki hannu, ita ce kuma ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Muka sa gaban tayoyin ya matso juna da kimanin milimita 3. Muka ƙirga zagayen sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe muka raba biyu, domin akwatin a tsakiyarsa ya fi matsewa, can ya kamata ya kasance in mota tana tafiya a miƙe. Muka sace iskar taya muka tabbatar ko ta fashe babu ƙarfen sitiyarin da zai riga bakin wili taɓa ƙasa. Kowane noti mai tsaga ya samu fil ɗinsa. Wanda ya ɗaure zai ɗiga jan fenti, ɗayan ya biyo baya da sifana ya ɗiga fari. Notin da ba shi da ɗigo biyu, ba a gama da shi ba.

Ƙarshen Oktoba ya kusa, kuma a Ohio da zarar ƙanƙara ta fara sauka ana watsa gishiri a titi, masu tsofaffin motoci su kulle su sai bazara. Ranar wata Lahadi da sassafe muka ja ta a tirela zuwa wani filin ajiye motoci da ba kowa. Babbanmu ya shiga shi kaɗai, ya yi ta kewayawa dama da hagu, ya taka birki da ƙarfi, ya hau tudun rage gudu. Muka dawo gida muka bi kowane ɗigon fenti, ba wanda ya gusa. Da la'asar muka ɗaga Dattijo muka zaunar da shi a kujerar dama, muka ɗaura masa bel.

Akwai wani layin dogo da ya ratsa hanyar bayan gari, duk motar da ta taka shi sai ta yi tsalle. Da suka tunkare shi Dattijo ya ce, "Sassauta hannunka, samari, bar ta ta yi magana." Babbanmu ya sassauta yatsunsa a kan sitiyarin. Motar ta hau, ta dira, ta ci gaba a miƙe kamar an ja mata layi. Dattijo bai ce uffan a kan inji ba har suka dawo. Da muka buɗe masa ƙofa bai yi niyyar fitowa ba, ya ce a ƙara zagaye ɗaya.

Yarinyar ta tuƙa a filin nan mako guda bayan haka, ubanta na gefe, ƙaraminmu yana ɗaukar bidiyo don Hajiya. Amsar da ta dawo ta murya ce, addu'a mai tsawo, a ƙarshe ta ce a gaya wa kishiyarta ta rage gudu. Yanzu motar tana kulle a gareji an lulluɓe ta, ƙanƙara ta rufe ƙofa. In bazara ta yi, kafin kowa ya murɗa makulli, za mu ɗaga gabanta da jak, ɗaya ya riƙe taya yana girgizawa, ɗaya ya kwanta da fitila yana bin ɗigon fenti ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya riga ya ce a ajiye masa kujerarsa zuwa Columbus a Yuli mai zuwa. Allah ya kai mu.